Wanda Ya Share Littafin Daskal Trifon

Ran Litinin da rana tsaka aka gano littafin Daskal Trifon ya ɓace, kafin faɗuwar rana kuwa duk ƙauyen Kriva Lipa ya gama yanke wa Stamen hukunci.

Ba littafin takarda ba ne, a cikin kwamfutar ɗakin karatu yake. Shekara uku tsohon malamin namu yana zuwa kullum da hantsi yana buga shi da yatsa biyu. Tarihin ƙauyen nan ne gida-gida, wa ya haifi wa, wa ya gudu, wa aka sa a mota bai dawo ba. Shafi ɗari huɗu da ɗoriya. Da matarsa Todorka ta rasu, ya ce ba zai ƙara taɓa shi ba sai an yi arba'in. Da safiyar Litinin ɗin aka yi arba'in, muka ci dafaffiyar alkama a bakin kabari, daga can ya zarce da baƙar rigarsa ya zauna gaban na'ura, ya danna inda ya saba dannawa. Na'ura ta ce ba ta san wannan abu ba.

Nevena mai kula da ɗakin karatu ita ta fito da hannu a ka, kafin ka ce me dandali ya cika.

Kowa ya tuna maganar Stamen. Watanni biyu da suka wuce ya faɗa a mashaya cewa in littafin nan ya fito da sunan ubansa, shi da kansa zai jefa kwamfutar a rafi. Ubansa ne ya riƙa kai wa hukuma sunayen mutane lokacin da gwamnati ta ƙwace gonaki ta haɗe su. Mutumin ya mutu tun ina ƙarami, amma a wajenmu ba a binne irin wannan tare da mai shi. Shekara ashirin Stamen yana wanke sunan nan da ludayi. Shi ke dafa kurban, ragunan da ake yankawa ran idin Iliya, tukwane takwas, kowane gida ya kawo kwanonsa ya zuba masa. Idin kuwa ran Asabar ne.

Gancho mai gari ya same ni a ƙofar gida ina wa kare wanka. Bai Manol suke ce mini a ƙauyen, kamar a ce yaya Manol.

"Bai Manol, na kira ɗan sanda. Ya ce an ɗauke na'urar? Na ce a'a. An fasa ƙofa? A'a. Ya ce to in an saci abin da ke da nauyi in sake kiransa."

"Yana da hankali."

"Bar wasa. Mata sun ce ba za su ci daga hannun Stamen ba. Ran Alhamis kwamiti zai zauna, in ba a samu wani ba dole in karɓi ludayin."

"To ni meye nawa? Aji huɗu na yi, na huɗun ma rabinsa a daji na yi shi."

"Kai ka samo saniyar Fadan coci bayan kwana shida. Je ka duba kawai."

Shekara talatin nake bin sawu wa ƙungiyar mafarauta, aladen daji, kyarkeci, dabbar da ta ɓata. Ba tausayin Stamen ya ja ni ba, ba ma wani shiri da shi. So nake in san ko abin da ba shi da ƙafa yana barin sawu.

*

Talata da sassafe na zagaya ɗakin karatu. Gaban ƙofa ba abin karantawa, jama'a sun tattake. Amma ta baya, ƙarƙashin tagar da ke kallon teburin kwamfuta, akwai sawun takalmi lamba arba'in da biyar, dugadugin hagu ya cinye ta waje. Guntun taba uku. Ba sai an gaya mini ba, mutum ɗaya ke jan ƙafar hagu haka a ƙauyen nan.

Na tsuguna na daɗe. Sawun duk ya yi ɗigo-ɗigo, ruwan sama ya sauka a kansa. Ruwan ƙarshe da aka yi ran Asabar da yamma ne. Kuma takalmin bai ɗaga ya taka bango ba, kurar kan taga tana nan yadda take. Mutum ya zo, ya tsaya tsawon taba uku, ya juya.

Na tarar da Stamen a bayan gidansa, rabin jikinsa cikin tukunya yana gogewa da toka.

"Ka zo kama ni?" ya ce, muryarsa na fitowa daga cikin tagulla.

"Na zo in ga ko ka iya wanke tukunya. Me ka je yi bayan ɗakin karatu ran Asabar?"

Ya fito da kansa, fuska duk baƙi. "Fitsari."

"Taba uku? Ka ga likita."

Ya jefar da tsumman. Ya zauna a kan kututture, ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"So na yi in ce wa Nevena ta buɗe mini in ga abin da ya rubuta a kan tsohona. Shi kaɗai. Na tsaya, na tsaya, na ga ba zan iya ba."

"Ka ce za ka jefa kwamfutar a rafi."

"Na faɗa. Barasa ce ta yi magana. Kai ba ka taɓa cewa za ka harbe surukinka ba?"

"Na faɗa, har yanzu ina tunani. Ran Lahadi ba a gan ka a coci ba."

"Na hau dutse duba raguna."

"Wa ya gan ka?"

"Ragunan."

Ya koma cikin tukunyarsa. Ina fita na ji ya ce, "Manol, ko kunna abin nan ban iya ba." Wannan na yarda. Wayarsa ma mai maɓalli ce, ita ma jikarsa ke sa masa lambobi.

*

Makullin ɗakin karatu uku ne. Ɗaya wajen Nevena, ɗaya a ofishin Gancho, ɗaya wajen Daskal tun lokacin da yake shugaban kwamiti. Saboda haka na je gidan Daskal.

Yana zaune ƙarƙashin rumfar inabi, ya rame kamar an zare masa wani abu daga ciki. 'Yarsa Rumyana ta kawo mana kofi. Shekara goma sha biyar tana Sifen, a ofishin wani kamfanin tattara lemo, ta zo ne don arba'in ɗin uwarta.

"Bai Manol, me kake nema kuma?" ta ce tun kafin ta ajiye faranti. "Duk gari ya san wanda ya yi. Jini ba ya canjawa. Uban ya sa an kwashe mutane, ɗan ya kwashe sunayensu."

"Rumi," in ji tsohon a hankali.

"A'a, Baba, bar ni in faɗa. Wallahi ko cokali ɗaya ba zan sha daga tukunyarsa ba."

Na bar ta ta gama. Na ce wa Daskal ya gaya mini yadda yake buɗe littafin, kamar yana gaya wa jaki.

"Ba wuya. In na buɗe wajen rubutu, akwai jerin sunaye a gefe. Nawa ne na farko. In danna, ya fito. In na gama in danna ajiyewa."

"Ajiyewa a ina?"

Ya dube ni kamar ɗalibin da ya yi tambayar banza. "A cikin kwamfuta mana."

"Ni ma bindigata a cikin gida take, amma na san a wane ɗaki."

Bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba. Abin da ya sani shi ne shafi goman farko da hannu ya rubuta, Rumyana ta buga masa daga can, ta aiko ta imel, ya buɗe ya ci gaba daga inda ta tsaya. Makullinsa yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ya ce kwana arba'in bai taɓa shi ba sai jiya.

"Kana da wata ajiya a takarda?"

"Ina ƙonawa in na buga. Todorka ba ta son tarkace a gida." Ya juya ƙaramin kofin a hannunsa. "Mutum talatin da ɗaya na zauna da su, Manol. Goma sha tara sun riga sun mutu."

Rumyana ta kwashe kofuna da sauri, har ɗaya ya faɗi bai fashe ba.

*

Laraba na ɗauki tsohuwar motata na je gari na ɗauko Lazar. Tare muka yi aikin soja, yanzu yana da shagon gyaran waya da kwamfuta kusa da tasha. Ƙato ne, kujerar Nevena har kuka ta yi da ya zauna. Nevena ta tsaya a kansa tana murza hannu.

"Duk Juma'a ina kwafe komai a filashi," ta ce. "Duk Juma'a, Allah shaidana. Amma na duba, babu shi a ciki."

Lazar ya yi ta danne-danne kusan awa guda. Ni na zauna kusa da shi ina kallo, ban gane komai ba, amma na ga yana yi kamar yadda nake yi. Ya bi nan, ya dawo, ya sunkuya, ya yi tsaki.

"To," ya ce daga ƙarshe. "Ba wanda ya goge littafin."

"Yana nan ke nan?"

"Babu shi."

"Lazar, ban karya kumallo ba. Yi magana irin ta mutane."

Ya yi dariya. "Ka taɓa ganin dabbar da ke ci ba ta kashi? To ita ma wannan haka take. Duk abin da ta yi sai ta bar guntu. Ka duba hoto, ta ajiye guntunsa don gobe in ka dawo kada ta sha wahala. Ka buɗe wasiƙa, ta jefa kwafinta a wani lungu, wai na ɗan lokaci. Lungun nan shi ne jujinta. Yana ta taruwa, yana ta taruwa, sai wani ya zo ya share."

"Ita da kanta ba ta sharewa?"

"Wannan ba a saita ta haka ba. Shekara biyar ba wanda ya sa mata tsintsiya. Shi kuwa tsohonku, ranar da ya buɗe shafi goman nan daga imel, a juji ta jefa su. Ya ci gaba da rubutu a kai. Shekara uku yana gina gida a kan bola bai sani ba. Shi ya sa bai shiga filashin baiwar Allah nan ba, ita ɗakin takardu take kwafewa."

Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Na ce ya nuna mini jujin. Ya nuna mini, fili fetal, ba komai sai 'yan abubuwa na jiya da yau.

"Yaushe aka share?"

"Lahadi, ƙarfe goma saura ashirin na safe. Ta rubuta. Tana da tsintsiyarta, ka danna sau uku ta kwashe. Abin haushin ma, tsintsiyar ba ta taɓa abin da aka yi amfani da shi cikin mako. Da tsohon ya buɗe littafin ko sau ɗaya a makon jiya, da ta tsallake shi."

Kwana arba'in na makoki.

"Za a iya tono shi?"

"Na gwada. Da tsohon ma'aji ne da na tono rabi. Wannan sabon yayi ne, in ya share sai ya wanke wurin. Shafi goman farko suna nan a imel. Shi ke nan."

Na tambaye shi, mutumin da ke son hallaka littafi zai bi ta nan? Ya ce sai in mahaukaci ne ko boka, don ko mai littafin bai san a can yake ba. Mai mugunta zai nemi sunan littafin ya goge, ko ya zuba wa na'urar ruwa.

"To wa ke sharar juji?"

"Wanda wuri ya yi masa kaɗan." Ya juya ga Nevena. "'Yar'uwa, cikin nan ya cika dam kafin Lahadi. Ko ba haka ba?"

Nevena ta yi ja har wuya.

"Nevena," na ce, "ni ba Gancho ba ne."

Ta zauna ta fashe da kuka, sannan ta faɗa. Finafinan Turkiyya ne, masu kashi ɗari da wani abu. Intanet ɗin gidanta ba ta da ƙarfi, sai take saukewa a nan ta kai gida. Wasu ta manta ba ta cire ba. Mako biyu ke nan layin ma'aji ya koma ja, na'urar ta riƙa ƙorafi, firinta ma ta daina bugawa gaba ɗaya. Ta ji kunyar kiran mai gyara don kada mai gari ya ga abin da ke ciki. Duk wanda ya zo bugu sai ta ce masa firinta ta lalace, ya je gari.

"Dole ta daina," in ji Lazar. "Kafin ta buga takarda sai ta sami wurin shimfiɗa ta a ciki."

"Ke kika share, don ki ɓoye?"

"Da na iya da tun tuni na yi! Ran Lahadi kuma ina coci, ni ke jan waƙa, mutum arba'in sun ji ni."

Sun ji ta kam. Har kurame sun ji.

*

Na mayar da Lazar, na dawo da yamma ina tunani a hanya. Sawun Stamen na Asabar ne, shara ta Lahadi ce. Nevena na coci. Gancho na coci, na gan shi yana gyangyaɗi. Alade in ya ture ganye ya share ƙasa, ba don ƙin ganyen ba ne, kwanciya zai yi. Wanda ya share jujin nan yana da abin da yake so ya yi, wuri ya hana shi. Amma Lazar ya ce ba a zuba wani sabon abu a ciki ba. Ba fim, ba hoto. An share, an yi wani abu, an tafi da shi.

Na tsayar da mota a dandali don in sayi burodi. Jikin babbar bishiyar nan cike yake da takardun mamata kamar kullum, na arba'in, na wata shida, na shekara, wasu rana ta cinye su, wasu sababbi. Ba na karanta su, na san kowa. Amma ranar idona ya tsaya a kan Todorka.

Takardunta biyu ne, ɗaya sama da ɗaya. Ta farko, ta ranar rasuwa, masu akwatin gawa na gari suka buga, hoton tas. Ta biyu, ta arba'in, hoto iri ɗaya ne, amma akwai farin layi siriri da ya sauko daga saman takardar, ya ratsa kuncinta na hagu, ya bi ta cikin rubutun har ƙasa.

Na matsa gefe inda aka manna sanarwar ƙungiyarmu ta mafarauta, wadda Nevena ta buga mana watan jiya. Ga layin nan a wuri ɗaya, faɗin yatsa uku daga bakin takarda. Sanarwar allurar karnuka, ga shi. Ta taron kwamiti, ga shi. Na shekara ina ganin wannan layi ban taɓa kula ba. Firintar Nevena tana da tsagaggen kofato.

Na shiga kanti na tambayi matar da ke sayarwa yaushe aka manna ta arba'in ɗin.

"Lahadi bayan coci. Ai har an fara gulma, gobe arba'in ba takarda a bishiya. Mun ce zaman Sifen ya sa ta manta yadda ake yi."

Na sayi burodina. A ƙarshe na cire takardar a hankali, na roƙi Todorka gafara, na ninke na sa a aljihu.

*

Alhamis da hantsi ɗakin karatu ya cika har taga. Gancho a kan tebur da 'yan kwamiti. Daskal a kujerar gaba, Rumyana a gefensa. Stamen ya tsaya a bakin ƙofa, ya zo da ludayin a hannu, dogo kamar sandar makiyayi, ba wanda ya tsaya kusa da shi.

"Bai Manol zai yi magana," in ji Gancho. "A taƙaice, don Allah."

"Ban iya doguwa ba. Stamen ya zo bayan tagar can ran Asabar, ya sha taba uku, ya koma. Bai shiga ba. Abin da ya kawo shi nasa ne."

"Ka ji ko!" wata tsohuwa ta ce daga baya. "Ya zo leƙen hanya."

"Inna, in kin gama sai in ci gaba. Littafin ba goge shi aka yi ba. Daskal ya ajiye shi a inda na'ura ke zubar da shararta, bai sani ba, ba wanda ya sani. Ran Lahadi da safe, muna coci, wani ya shigo da makulli. Yana da takarda da dole ya buga a ranar. Na'ura ta ce ta cika, ba za ta buga ba."

"Me ya cika ta?" Gancho ya tambaya.

"Tarkace," na ce. Nevena ta sauke numfashi har na ji daga inda nake. "Mutumin ya iya kwamfuta. Ya yi abin da duk wanda ya iya zai yi, ya sa tsintsiya ya share juji, wuri ya samu, ya buga takardarsa, ya kulle ƙofa. Nevena, buga mini wani abu. Ko mene ne."

Ta buga jadawalin motar haya. Firinta ta yi gurnani ta tofo shi. Na ɗaga shi sama, kowa ya ga farin layin. Na tambaye ta yaushe rabon da ta buga wa wani takarda kafin yau. Ta ce mako biyu da kwana uku.

Sai na fito da ta aljihuna na buɗe, na ajiye su gefe da gefe a kan teburin Gancho. Ban ɗaga ta sama ba. 'Yan kwamiti suka sunkuya, suka gani.

"Ba zan kira suna ba," na ce. "Mai takardar nan yana ɗakin nan, yana da baki."

Har na fara tunanin na yi kuskuren barin ta ta zaɓa. Sai kujera ta yi ƙara.

"Shara ce kawai na share," in ji Rumyana. Muryarta ta ƙanƙance. "A ofis duk wata nake yi. Ta tambaye ni, a cire fayilolin wucin gadi? Na ce a cire. Na manta ban je gari ran Asabar ba, Lahadi ba mota, gobe arba'in, mata na ta kallona..." Ta juya ga ubanta. "Baba, na ɗauki makullinka. Minti goma na yi."

"Kin sani tun ran Litinin?" Gancho ya tambaya.

"Ban sani ba." Ta goge hanci da bayan hannu. "Na ji tsoro dai. Na ce ba zai yiwu ba, wa zai ajiye littafi a can? Da aka ce Stamen sai na... sai na ji sanyi. Na kama maganar."

Duk ido ya koma kan tsohon. Ya miƙa hannu, Gancho ya ba shi takardar. Ya daɗe yana kallon fuskar matarsa da layin a kuncinta.

"Ta samu takardarta a kan lokaci," ya ce. "Zauna, Rumi. Shekara arba'in ina dukan yara don ba su san inda suka ajiye littafinsu ba."

Gancho ya yi gyaran murya ya ce to, tunda haka ne, maganar ludayi ta mutu, ran Asabar kowa ya kawo kwanonsa kamar yadda aka saba. Tsohuwar nan ta baya ta ce ita dama can ba ta yarda ba. Wani ya yi dariya. Rumyana ta je har bakin ƙofa ta tsaya gaban Stamen.

"Ba naman da za ki ci ne matsalata ba," ya ce mata. "Matsa."

Ya ratsa ta tsakiyar mutane yana jan ƙafar hagu, ludayin a kafaɗa, ya tsaya a kan Daskal. Na ɗan matso, don ban san abin da zai yi ba.

"Za ka sake rubutawa?"

"Shekarata tamanin da ɗaya, Stamen. Waɗanda suka ba ni labari rabinsu suna ƙasa."

"Ban tambaye ka shekarunka ba."

Tsohon ya ɗaga kai. "Abin da na tuna, wataƙila."

"To fara da tsohona, tun ina da rai. Kwana uku ba wanda ya amsa gaisuwata a garin nan saboda shi, gara a rubuta a huta. Mutum nawa ka ce ya kai?"

"Bakwai."

"Tara ne. Biyun ba wanda ya sani sai uwata, ita ta gaya mini kafin ta mutu. Bayan idi zan zo gidanka, ka tanadi takarda da biro, kada ka kawo ni wajen wannan akwatin."

Ya juya ya fita, yana cewa wuta ba ta jiran taro, akwai itacen da ba a faskara ba.

Na tsaya ina bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, maƙwabtana ne duka tun haihuwa, kowane gida yana da kakan da aka sa a mota. Ina so in san waɗanne biyu ne. Na ga su ma kowa abin da yake tambayar kansa ke nan.